Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gardamarmu da Malamin Lissafi a Kan Sarakunan Rum

A makon jiya na tsaya ne a inda aka damƙa mini darasin tarihi na manyan azuzuwa. A zangon karatu na biyu, wata ɗaliba Kirista ta tsayar da ni a bakin aji ta tambaye ni ko gaskiya ne sarakunan Rum ne suka ƙirƙiro addininsu domin su mallake talakawa, domin haka malamin lissafi ya faɗa musu. Malamin ya girme ni, mutum ne mai karatu da riƙon amana, saboda haka na bari sai da muka haɗu a ofishin malamai bayan azahar, sannan na ce masa, “Malam, ina so in ji inda ka samo maganar nan.”

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce Sarki Konstantin ne ya tara malaman coci a garin Nikiya a shekarar 325 Miladiyya, ya zaɓa musu littattafai, ya tsara musu aƙida. Ya ƙara da wani zancen da ya gani a intanet, wai tun kafin nan gidan Sarki Basbasiyan da ɗansa Titus, waɗanda suka murƙushe tawayen Yahudawa suka rushe haikalin Ƙudus a shekarar 70, su ne suka sa aka rubuta labarin wani Almasihu mai haƙuri, wanda zai ce wa mutane su ba Kaisar abin da yake na Kaisar. Na ce masa zantukan nan biyu ba za su zauna a tabarma ɗaya ba, domin wanda aka ƙirƙira bayan 70 ba za a sake ƙirƙirarsa a 325 ba. Ya ce in karya kowanne in na iya.

Na fara da na gidan Basbasiyan domin shi ya fi rauni. Wasiƙun Bulus, ɗaya daga cikin manyan masu wa'azin Kiristanci na farko, zuwa ga Kiristocin Tasalonika da Koranti da birnin Rum an rubuta su ne a shekarun 50, lokacin da Basbasiyan bai ko yi mafarkin sarauta ba. Marubucin tarihin nan Tasitus, wanda ɗan majalisar Rum ne kuma yana ƙyamar Kiristoci a fili, ya rubuta cewa bayan gobarar da ta cinye birnin a shekarar 64, Sarki Nero ya ɗora musu laifin, aka sa wa wasu fatun dabbobi karnuka suka yayyaga su, aka cinna wa wasu wuta da dare. Mutanen da ake ƙonawa a 64 ba za a ce an ƙago su bayan 70 ba.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne wasiƙar Filini, gwamnan Bitiniya da ke ƙasar Turkiyya ta yanzu, wadda ya aika wa Sarki Tarajan wajen shekarar 112. Gwamnan yana neman shawara ne domin bai san yadda ake shari'ar Kiristoci ba. Ya ce yakan tambayi mutum har sau uku ko shi Kirista ne, wanda ya dage sai a kashe shi, wanda kuma ya musanta sai a kawo masa gunkin sarki ya ƙona turare ya zuba giya, ya zagi Almasihu, sannan a sake shi. Ya ce da ya bincika, har da azabtar da wasu kuyangi biyu masu hidima a cikin jama'ar, abin da ya samu shi ne suna taruwa kafin ketowar alfijir a wata rana sananniya, su yi waƙar yabon Almasihu, su yi rantsuwa ba za su yi sata ko zina ko cin amana ba. Na tambayi Malam ko ya taɓa jin gwamnatin da ta ƙirƙiri abu da hannunta, sannan gwamnanta ya rasa gane kansa har yana tambayar sarki.

Daga nan na kawo masa abin da mu Musulmi muka sani tun muna yara. Sarkin da malaman tafsiri da yawa suke kira Daƙyanusu a ƙissar As'habul Kahfi, masana da dama suna ganin shi ne Desiyus, wanda a shekarar 250 ya wajabta wa kowa a daular ya yi yanka ga gumaka ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, kowacce da sunan mai ita da sa hannun jami'an da suka ga ya yi yankan ya kuma ɗanɗani naman. A 303 kuma Sarki Diyokiletiyan ya ba da umarnin rushe majami'u da ƙone littattafansu, shekara goma kacal kafin Konstantin ya halatta addinin a 313. Wasu daga cikin malaman da suka halarci taron Nikiya sun zo ne da tabon azabar nan a jikinsu.

Shi kansa taron, babu shaidar cewa an zaɓi littattafan Linjila a cikinsa. Abin da ya tara su shi ne saɓanin wani limamin coci na Iskandariyya mai suna Ariyus a kan matsayin Almasihu, sai kuma batun ranar bikin Ista. Sarkin ma bai iya kashe rigimar ba, domin ɗansa Konstantiyus ya karkata ga ɓangaren da taron ya kayar, kuma Atanasiyus, babban mai kare matsayar Nikiya, an kore shi daga kujerarsa ta shugabancin cocin Iskandariyya sau biyar.

A nan ne Malam ya sauya hanya, ya ce ai mu ma mun yarda an sauya saƙon Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Na ce masa wannan magana ce ta aƙida, tsakaninmu da Kiristoci akwai saɓani a kanta tun zamanin da tawagar Najran ta zo Madina, kuma ina nan a kan abin da Alƙur'ani ya koya mini. Amma masu zancen ƙirƙira da yawansu cewa suke yi ba a taɓa yin Annabi Isa ba sam, babu Maryamu, babu Hawariyawa. Musulmin da ya ɗauki wannan domin ya ci gardama da maƙwabcinsa ya ƙaryata Suratu Maryam bai sani ba, kuma akwai irinsu masu cewa sarakunan Larabawa ne suka ƙago Musulunci daga baya.

Ban hana shi gaskiyarsa ba. Sarakuna sun hau addinin nan sun yi sukuwa a kansa. Konstantin ya kori Ariyus da ikon mulki, Tiyodosiyus ya mai da aƙidar Nikiya dokar ƙasa a 380, kuma a 1452 Fafaroma ya ba sarkin Fotugal takardar izinin bautar da waɗanda ba Kiristoci ba. Wannan duk a rubuce yake, ba ya bukatar wani ya ce an ɓoye shi. Sai dai ko a nan gida lamarin bai tafi yadda Malam yake zato ba. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma jami'an mulkin mallaka sun daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, domin sun ga mulki ta hannun sarakuna ya fi musu sauƙi. Likita Mila, wani Bature ɗan mishan, ya yi ta fama da jami'an nan a Zariya, har daga bisani mishan ɗin ya bar cikin birni ya koma Wusasa.

Malam ya janye zancen gidan Basbasiyan gaba ɗaya, amma ya tsaya a kan cewa hannun Konstantin ya fi yadda nake faɗa nauyi, kuma har muka rabu da makarantar ba mu daidaita a kan wannan ba. Abin da na roƙe shi, ya kuma amince, shi ne ya daina kai maganar aji, inda yara Musulmi da Kirista suke zaune a benci ɗaya kuma ba su da hanyar bincika abin da malami ya faɗa. Ɗalibar kuwa na rubuta mata shekarun nan a takarda, na ce ta kai wa mahaifinta da faston cocinsu su duba.

Mahaifin nata ya zo makaranta da kansa a makon da ya biyo baya, takardar tana hannunsa, ya ce shugaban makaranta yake son gani tare da mu biyun. Yadda zaman ya kasance shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.