Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Lamba 42

Makon jiya na tsaya inda na kafa teburin huluna a titi na 161 a Bronx, gab da filin Yankees, ƙungiyar wasan besbol ta New York, inda jirgin ƙasa mai lamba 4 yake wucewa ta saman kanmu. A lokacin ban san komai game da besbol ba. Ni dai na ga riga mai lamba 42 tana ƙarewa da wuri, sai na tambayi maƙwabcina ɗan Dominika, ta waye? Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce Mariano Rivera, mai jefa ƙwallo na Yankees.

Kawu, Allah ya jiƙansa, kullum maganarsa ɗaya ce: "Wasa ba ya cika tukunya." Da ita ya raba ni da ƙwallo a zangon Kumasi, ya kai ni shagon ɗinkinsa, takalmana kuwa ya jefa su bayan katanga.

To ga Rivera, ɗan masunci daga Puerto Caimito a Panama. Shi ma ƙwallon ƙafa ya fara so. Da kwalin madara suke yin safar kama ƙwallo, ƙwallon kuma tsohuwar koma ce ake naɗewa. Yankees suka ɗauke shi a 1990, ya shigo babbar gasa a 1995. Aikinsa galibi zagaye na tara ne, wato na ƙarshe, a kira shi ya rufe wasa. Jifarsa kusan iri ɗaya ce, kowa ya san ita ce tafe, amma sai ta kauce a dab da mai bugu, sandar ta tsage a hannunsa. Sau 652 yana rufe wasa da nasara, kofi biyar. Wasa ba ya cika tukunya, in ji Kawu! Ni kaina da hulunan wannan wasan na rufa wa Iya ɗaki da kwano, kuma Kawu ya sha inuwarsa har ya rasu. Ko sau ɗaya bai tambaye ni me nake sayarwa ba.

Shekarun da na yi ina tasi ba abin faɗi a cikinsu.

A 2001 kam mun kwana da baƙin ciki, Arizona suka ƙwace kofi a hannun Rivera a wasa na bakwai, wato na ƙarshe. Na ce "mun", ku lura, ni da ban san dokar wasan ba a da. Ranar da ya yi sallama da filin a Satumbar 2013, abokan wasansa Jeter da Pettitte suka je fitar da shi, ya rungume Pettitte yana kuka. Bayan shi ba mai sake riƙe 42, don tun 1997 aka ajiye lambar saboda Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasar, Rivera ne na ƙarshen waɗanda aka bar wa.

Washegari na saya wa Auta safar besbol. Uwarsa ta ce kuɗin haya fa, Malam? Har muryar Kawu na ji a bakinta. Rigimar da ta biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.