Saƙon Godiya Bayan Walimar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sai yau Talata na samu sukunin zama in rubuta wannan. Tun da aka watse daga walimar da 'yan'uwa suka shirya mani a gidanmu na Rafindadi, saboda ƙarin girman da jami'a ta yi mani zuwa farfesa, wayata ba ta huta ba, ni ma haka. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mani afuwa. Ba wulaƙanci ba ne, murya ce ta dishe.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mani wannan rana Hajiya tana raye, tana zaune kan dardumarta ana shigowa ana yi mata barka. Baba kuwa, wanda ya sha surutun dangi da ya ce sai na wuce sakandare, Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Ina daga cikin gida na jiyo ƙanena a lasifika yana karanto wa mutane abin da ya gani a shafina na Google Scholar: yawan maƙalun da na wallafa a kan ciwon suga, sau nawa wasu masu bincike suka ambace su, har da wani ma'auni da shi kansa bai san kansa ba. Maza suka yi kabbara, Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Da na fito zaure gaida manya, na durƙusa ke nan sai Kawu Malam ya ce, "Ke ɗiyar nan, shi wannan ambaton da ake ta faɗi, nawa ake biyanki a kan kowane ɗaya?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko sisi. Wasu mujallun ma mu ke biyansu kafin su buga, kuma da dala."

Ya yi shiru yana kallona. Sai na ce mashi, ai kamar yadda in suna karatu a zaure sukan ce wane ya faɗa a littafi kaza, haka mu ma. Duk wanda zai yi rubutu a kan wata mas'ala dole ya faɗi daga wa ya karɓo, to kwamfuta ce ke ƙirga sau nawa aka ce an karɓo daga gare ni. Kawu ya gyara zama ya ce, "Af, ashe ruwaya ce. To Allah ya sa masu ruwaitowar amintattu ne."

Aka yi dariya, amma wallahi ban taɓa jin wanda ya kama bakin zaren kamar Kawu ba. Ƙirgar nan ba ta bambance wanda ya ambace ka don ya gaskata ka da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, ba ta kuma san wanda ya kwafo sunanka daga wata takarda bai ko buɗe taka ba. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin ƙirga ambato a 1964. Shi kuma ma'aunin da ƙanena ya yi ta tuntuɓe a kansa, wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch ya kawo shi a 2005. In aka ce ma'aunin mutum 20 ne, ana nufin yana da maƙala 20 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 20. Kuma don kada kaina ya kumbura: a 2014 mujallar Nature ta jera takardun da aka fi ambata a duniya, wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, kan hanyar auna furotin a ɗakin gwaji, an ambace ta sama da sau 300,000. Ina ni ina wannan?

Akwai maƙalu biyu nawa da nake yawan tunawa. Ɗaya a kan masu ciwon suga da azumin Ramadan ce, kuma ita ta fi jawo mani ambato. Ba don ta fi sauran kyau ba. Fage ne mai jama'a. Tun da aka wallafa binciken EPIDIAR a 2004, wanda aka yi a ƙasashe 13 ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu ciwon suga nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya suna azumtar aƙalla kwana 15, likitoci daga Masar zuwa Pakistan har Ingila suke rubutu a kai, kowa kuma yana neman abin da zai ce game da Afirka ta Yamma. In ka kasa kayanka a bakin hanya, dole a taya.

Ɗayar kuwa a kan yadda marasa firji ke adana allurar insulin ce, wato allurar da ake yi wa masu ciwon suga. Ita na fi shan wuya a kanta. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, zafi yana rage mata ƙarfi, ga shi kowa ya san Afrilun Katsina, zafinsa yakan wuce digiri 40. Mun shiga ƙauyuka ta hanyar Batsari da ta Kaita, a lokacin da hanya ke shiguwa, muna leƙa bayan randa. Na ga uwar da ta naɗe kwalbar ɗanta a leda ta binne cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, kullum tana yayyafa ruwa safe da yamma kamar mai renon shuka. Wasu kuma tukunya cikin tukunya suke yi da yashi a tsakani, irin dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don adana kayan miya har ya samu kyautar Rolex a 2000. Mujalla biyu suka maido mani takardar. Ɗaya daga masu tantancewar ya tambaya me ya hana mutanen sayen firji. Da ta fito daga ƙarshe, masu ambatonta ba su taka kara sun karya ba, don masu rubutu a manyan mujallu ba su da matsalar randa. Amma ita ce nas-nas ɗinmu ke ɗauka su yi wa iyaye bayani. Abin da ke ci mani rai, waɗanda suka gano insulin a Toronto a 1921 dala ɗaya-ɗaya suka karɓa suka bar wa jami'ar garin haƙƙin mallakarsa, ga mu bayan shekara ɗari ana raba allurar kwana ɗaya ta yi kwana biyu saboda tsada.

To waɗannan mutane su ne kan gaba a godiyata, kuma su ne ba zan iya kiran sunansu ba, don ƙa'idar bincike ta hana. Lamba muke ba su. Dattijon da ya taso daga Jibiya da asuba bai karya ba, don gwajin yana son a kwana ba a ci ba, ya zauna kan benci har hantsi jikinsa na rawa, da na ba shi haƙuri ya ce, "Likita, in zai amfani na baya, ɗebi." Matan da suka dangwala yatsa a takardar amincewa bayan mun karanta masu ita da Hausa sau biyu. Mazan da suka bar matansu suka amsa tambayoyinmu. Babu kwamfutar da ke ƙirga su, alhali kowane layi na jadawalin da ake ambata jinin wani ne a cikinsa. Wasu sun rasu. Allah ya gafarta masu.

Sai ma'aikatan ɗakin gwaji. Akwai shekarar da aka ɗauke wuta kwana uku, janareto ya ƙi tashi, firizar da muka tara samfurin jinin wata takwas ta narke. Na buɗe na ga ruwa kwance a ƙasanta, na koma mota na yi kuka mai isata. Babban ma'aikacinmu ya bari na gama, sannan ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Hajiya, rajistar tana nan, lambobin wayarsu na nan. Gobe mu fara kira." Shi ne kuma ya fara ja mani kunne cewa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, yakan yi ƙarya a jikin mai sikila ko mai ƙarancin jini, alhali mu nan ga su da yawa. Na san haka a littafi, shi ya san shi a hannu. Sunansa yana can ƙasan takardu da ƙananan baƙaƙe inda ake godiya, wurin da ba a ƙirgawa. Da na san abin da na sani yanzu, da tun farko yana cikin jerin marubuta.

Malamaina na Zariya da na Kano, na gode. Ɗalibaina da suka yi ta shigar da alƙaluma har dare, na gode, ku yafe mani jan biro.

Abban yara, ban san ta inda zan fara ba. Kai ka sayar da filinka na hanyar Dutsin-ma aka biya kuɗin buga takarda, ka ce kada in faɗa wa kowa. Ga shi na faɗa. Yara kuma da suka saba jin "Umma na rubutu, ku yi a hankali," Allah ya yi maku albarka. Yaya Babba da matan gida da suka kwana a bakin murhu, da maƙwabtan da suka ba da tabarmi da kujeru, da waɗanda suka taso daga Daura, Funtuwa da Malumfashi, Allah ya saka da alheri, ya maida kowa gida lafiya.

Na ji ƙorafin zoɓo. E, ni na ce kada a sa suga a rabinsa, kuma na lura wancan rabin aka fara shanyewa. Alkaki da nakiya kuwa ba da yawuna aka kawo ba, Gwaggo ce ta ce ba a walima da kwaɗon zogale kaɗai.

Tun da kun taru saboda alƙaluma, ga wanda ya fi nawa muhimmanci. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Mutum shida suka ja ni gefe ranar Asabar suna faɗa mani yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama. Don Allah ku je a gwada, da safe kafin ku ci komai. In sugan jinin ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, a maimaita, a ga likita. Kawu Malam ya riga ya ce in zo da na'urar ranar Juma'a bayan an sauko, na ce mashi sai dai Asabar da sassafe, kafin koko.

Akwai filas ɗin shayi ruwan toka da wani mayafi baƙi da aka manta, suna ɗakin Hajiya.

Wassalam.