Da ƴar tsoka a aljihu zuwa Alƙahira

Tun daga filin jirgin Malam Aminu Kano hannuna bai bar aljihun jakata ba. A ciki akwai wani ɗan dunƙulen kaki da bai kai kwalin ashana ba, wanda a cikinsa aka daskarar da tsokar da aka yanko daga nonon Yaya, mai fama da sankarar mama. Likitan da za mu gani ya aiko cewa ko mun manta da komai, kada mu manta da shi.

Da asuba muka sauka Alƙahira. Wani ɗalibin Azhar ɗan Katsina ne ya tarbe mu, shi ya zama bakinmu har muka baro ƙasar. Kogin Nilu ta tagar tasi kawai na gan shi, hankalina na wurin Yaya da ta jingina da kafaɗata.

Likitar ɗakin gwaji ta zaunar da mu ta yi mana bayanin da ba mu taɓa samu ba. Ta ce sankarar mama suna ɗaya ne, amma iri-iri ce, kuma furotin ɗin da ke jikin ƙwayoyin ciwon ne ke nuna maganin da zai ci ta. Za su fere kakin siriri, su zuba masa wani sinadari mai kama furotin ya rine shi ruwan ƙasa, sannan a duba a madubin likita. Furotin iri uku ake nema. Biyu na karɓar sinadaran jikin mace. In an same su, ƙwaya irin tamoxifen na aiki, ana sha shekara 5 ko fiye. Na ukun shi ne HER2, ana ba shi maki daga 0 zuwa 3+. In ya tsaya a 2+, sai an ƙara wani gwajin kafin a yanke hukunci.

"Hajiya, ki ci abinci," in ji ɗalibin, ranar da ya kawo mana kushari, shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya. Kwanakin jiran sakamako sun fi tafiyar kanta nisa.

Na Yaya ya fito 3+. Kusan mace 1 cikin 5 masu wannan ciwo haka nasu yake, kuma yana da saurin yaɗuwa. Sai dai tun 1998 aka amince da wani magani a Amurka, trastuzumab, wanda ke zuwa ya manne wa wannan furotin ɗin kai tsaye. Ana sa shi ta ƙarin ruwa duk mako 3 har shekara guda, tare da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a farko. Kafin a fara sai da aka ɗauki hoton zuciyarta, don yakan raunana zuciya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne watannin da muka yi a gida ana ba ta magani ba tare da an yi wannan gwajin ba. Ashe akwai asibitocin koyarwa a Najeriya da ke yin sa. Ba wanda ya ce mu nema, mu kuma ba mu san da shi ba, ga filin gado an sayar.

Ranar dawowa suka miƙo mana sauran kakin a ƴar leda. Muna zaman jiran jirgi Yaya ta ce in kira mata maƙwabciyarta da aka yi wa aiki a bara. Ko gaisawa ba su gama ba ta ce, "Maman Ummi, je ki tambaye su, an duba miki HER2 kuwa?"