Waɗanda Ba a Tambaya Ba a Tarihin Yankari

Tarihin Yankari da aka koya mana a aji gajere ne. A 1956 aka keɓe dajin domin namun daji, a 1962 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido, a 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi. Duk gaskiya ne, amma mai karatu zai ɗauka ba kowa a wurin sai giwaye da ɓauna. Alhali rijiyoyin Dukkey, da kogunan Marshall da aka fafe a jikin dutse, da tsoffin wuraren narka tama suna nan suna shaida cewa mutane sun zauna, sun yi sana'a a cikinsa.

Binciken kammala digiri da na yi a ƙauyukan Alkaleri, ƙaramar hukumar da dajin yake, ya koya mini cewa wanda ka tambaya shi ke tsara maka tarihi. In ka sauka wajen mai unguwa, dattawa za a tara maka a zaure, su ba ka labarin sarauta da iyaka. Matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa suna cikin gida, kuma su suka san kwarin da itatuwa suka fara ƙarewa, da lokacin da masu gawayi suka shigo, da yadda tafiyar neman itacen girki ta ƙara nisa. Sai da wata abokiyar karatuna ta shiga ta zauna da su muka samu wannan, kuma shi ya fi komai nauyi a aikin.

Makiyayi yakan buɗe baki sosai in an yi masa Fulatanci, ya lissafa burtali da mashayar da aka toshe. Manomin da giwa ta cinye wa dawa dare ɗaya kuwa, a rahotanni matsala ake kiransa, ba shaida ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin shi ke kwana a bakin dajin.

Ƙwaƙwalwa ma takan yi tuntuɓe, shi ya sa nakan ɗaura kowane labari a kan abin da kowa ya sani, kamar farin da aka yi a 1973, sannan in gwada shi da na wani ƙauyen. Kafin in miƙa aikin, na koma na karanta musu da Hausa. Matan sun gyara mini sunayen itatuwa, wani tsohon maharbi kuma ya nemi a cire sunan ƙauyensu, na cire.