Asabar a filin harbi: abin da nake koya wa masu neman lasisin bindiga a Texas

Sana'ata koyar da riƙon bindiga ce, a gefen birnin Houston da ke jihar Texas. Ba na sayar da bindiga, ba na sayar da harsashi. Jarina ɗaki ɗaya ne na haya mai kujera goma sha biyu, da layukan harbi da nake kamawa a wani filin koyon harbi duk ranar Asabar, sai takardar shaidar koyarwa da hukumar tsaron jama'a ta jihar, wato DPS, ta ba ni. Maiɗakina ce ke riƙe da littafin kuɗi, ita ke amsa waya. Bayan na bar aikin soja a nan Amurka na shiga harkar, kuma yawancin ɗalibaina baƙi ne irina: 'yan Najeriya, 'yan Ghana, 'yan Sudan, direbobin manyan motoci, ma'aikatan jinya masu tashi aiki tsakar dare, da masu tsaron kanti a gidajen mai.

Darasin neman lasisi ba shi da tsawo. Doka ta ce awa 4 zuwa 6 a aji, a kan abu huɗu: dokokin makami da lokacin da ya halatta a yi amfani da ƙarfin da zai iya kisa, yadda ake sarrafa ƙaramar bindiga lafiya, yadda ake kashe rigima ba tare da faɗa ba, da yadda ake ajiye bindiga inda hannun yaro ba zai kai ba. Sai jarrabawar rubutu, sannan mu fita fili. Kowa zai harba harsashi 50: 20 daga nisan yadi 3, wasu 20 daga yadi 7, sai 10 daga yadi 15. Maki 250 ne gaba ɗaya, wanda ya samu 175 ya ci. Kuɗin da jiha ke karɓa dala 40 ne tun 2017, da can 140 ne. Lokacin da George W. Bush yana gwamna ya sa hannu a dokar farko a 1995, awa 10 zuwa 15 ake yi, a 2013 aka rage.

Ranar 1 ga Satumba 2021 komai ya canza. Dokar da Gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu ta fara aiki, wadda ta ba duk wanda ya kai shekara 21, in dai ba shi da laifin da ya haramta masa makami, damar rataya ƙaramar bindiga ya shiga gari ba lasisi, ba darasi, ba wanda ya taɓa ganin yadda yake riƙe ta. Ajin da nake cikawa ya koma wata Asabar ɗin mutum uku, har na mayar da biyu daga cikin layukan da nake kamawa. Ni a ganina ya kamata a wajabta horo kafin mutum ya fita da bindiga, kuma na san za a ce ai dole in goyi bayan horo tunda nan tuwona yake. Gaskiya ne nan tuwona yake, kuma ba na ɓoyewa. Amma ra'ayina ya samo asali ne daga abin da idona ke gani a kan layin harbi.

Akwai wani bawan Allah, ya girme ni, ya zo da bindigar da ya ce ya shekara biyu yana yawo da ita a ƙugu. Abin da ya kawo shi neman lasisi shi ne yana tuƙa mota zuwa wasu jihohi, kuma da yawansu na karɓar lasisin Texas. Muna yadi 7 sai kwanson harsashi ya maƙale, bindiga ta ƙi tashi. Kafin in ƙifta ido ya juyo gaba ɗaya yana cewa, "Malam, duba min ta cije." Bakin bindigar ya bi ta kan mutum uku da ke jere a hagunsa, yatsansa na kan kunama, har yana ɗan matsa ta don ya nuna min ba ta aiki. Na kama hannunsa na mayar da shi wajen allo, na ce, "Yaya, cire yatsa tukuna, sai mu yi magana." Da muka buɗe, akwai lafiyayyen harsashi a bayan wanda ya maƙale. Ya zauna a kan benci ya daɗe bai ce uffan ba. Mutumin kirki ne, mai iyali, ba shi da niyyar cutar da kowa. Abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai tsaya a kafaɗarsa ya yi ta maimaita masa har hannunsa ya haddace: yatsa ba ya hawa kunama sai an yi niyyar harbi, bakin bindiga ba ya kallon abin da ba a so a lalata.

Wannan haddar hannu ce ba a samu a waya. Dokar 2021 ta sa DPS ta tanadi darasi kyauta a intanet, kuma ina yaba hakan, har ina tura mutane su kalla. Sai dai bidiyo ba ya ganin cewa babban yatsanka na bayan ƙarfen da ke ja da baya, inda zai tsage maka fata. Ba ya ganin kana runtse ido kafin ƙara ta fita.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta zo min da tata a cikin jakar hannu, ba kube, a cakuɗe da makullai da jan baki da cajar waya, kuma a ɗane. Ta ce haka mai shagon ya miƙo mata a kwali, ba wanda ya ce mata komai. Tana da yara biyu ƙanana masu buɗe jakar nan neman alewa. A Texas laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai iya ɗauka, amma ba tsoron kotu ne ya sa ta kuka ranar ba. Mun ɗauki rabin awa muna gwada kube da ƙaramin akwatin kulle, kafin ma ta harba ko ɗaya.

Harbi shi ne mai sauƙi a aikina, kusan kowa na cin 175 ɗin nan. Inda nake shan gumi shi ne dokar. Mutanenmu da yawa ba su san cewa zagi kaɗai, komai zafinsa, ko da uwa aka ambata, bai halatta wa mutum ko da ɗaga hannu ba a dokar Texas, balle zare makami. Ba su san jan allon nan mai lamba 51 da ake liƙawa a ƙofar wuraren da yawancin cinikinsu giyar da ake sha a wurin ce ba, wanda shiga da bindiga wurin babban laifi ne mai kai mutum kurkuku, ko da kaya kawai ya je saukewa. Ba su san bambancin allunan hana shiga da bindiga masu lamba 30.05 da 30.06 da 30.07 ba, alhali kowanne da wanda yake hana wa shiga. Mafi ɗaga min hankali su ne ɗalibai masu bizar karatu. Suna jin an ce Texas ba lasisi sai su ɗauka har da su, alhali dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza mallakar bindiga sai a wasu 'yan keɓaɓɓun hanyoyi, kamar lasisin farauta. Kuskure ɗaya a nan na iya cinye karatu da zaman ƙasar baki ɗaya.

Abokan sana'ata da dama, har da waɗanda muke cin abinci tare, ba su yarda da ni ba. Hujjarsu ita ce riƙe makami haƙƙi ne da gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka ya bayar tun 1791, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Bruen a Yunin 2022 cewa haƙƙin ya haɗa da fita da bindiga waje. Suna cewa ba a sa wa haƙƙi jarrabawa. Suna nuna jihar Vermont da ba ta taɓa neman lasisi ba, suna kuma nuna New York, inda bayan wannan hukunci aka wajabta awa 16 a aji da awa 2 a fili, abin da talaka mai aiki biyu ba zai iya ba. A maganar talaka ina tare da su ɗari bisa ɗari. Macen da tsohon mijinta ke mata barazana bai kamata ta jira watanni ko ta biya ɗaruruwan daloli ba. Amma maganin tsada a rage tsadar ne. A wajabta yini ɗaya, jiha ta biya wa marar hali, a buɗe ajin dare da na ƙarshen mako, a koyar da harsunan da mutane ke ji. Bindigar da ke gidanka lamarinka ne da iyalinka. Ranar da ka rataya ta ka shiga kasuwa, ka shiga layin biyan kuɗi bayan 'yata, ni ma ina da ta cewa. Ya zuwa 2024 jihohi 29 sun soke wajabcin lasisi, don haka na san iska ba ta kaɗawa ta wajena.

Kakana maharbi ne a ƙasar Zazzau. Yaron da ke binsa daji sai ya yi shekaru yana ɗaukar gora da burgami, yana kallon yadda ake ɗura albarushi, kafin a bar shi ya taɓa bindigar toka, kuma ba takardar gwamnati ce ta sa hakan ba. Shi na tuna a Yunin 2022, da na ji gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan fashin daji. Na fahimci uƙubar da ta kai ga wannan magana, amma tambayar da ta tsaya min a rai ita ce wa zai tsaya a kafaɗar kowannensu.

Yanzu na sauya tsarin aikin. Na ƙara ajin awa biyu na masu fara taɓa bindiga, da bindigar roba muke farawa, kuma maiɗakina na zama a ajin mata don su saki jiki su yi tambaya. Kwamitocin masallatai biyu sun kira ni in horar da masu gadinsu na ranar Juma'a. Yayan nan da bindigarsa ta cije ya dawo bayan wata biyu da babban ɗansa, ya biya masa kuɗin aji, ya ja kujera ya zauna a baya. Da muka fita fili, kafin in buɗe baki, na ji shi yana ce wa yaron, "Cire yatsa tukuna."