Rafi daban, ƙorama daban

Satin da ya wuce na raka ƙanina Dadin Kowa, wai malaminsu ya ce su ɗebo ruwa a wurare daban-daban su je su auna, ni dai kifi ne ya kai ni ba komai ba. Tun daga tasha yake cika min kunne, wai masana ta hanya uku suke rarraba koguna, siffar kogin kansa, sinadaran da suka narke a ruwan, sai halittun da ke zaune ciki. Na ce malam ai mu ma ba a banza muke da kogi da rafi da ƙorama da kududdufi ba, kowanne da dalilin sunansa.

Ta ɓangaren siffa abin ba wuya. Akwai mai gudu rani da damina, akwai wanda da rani sai dai a tona yashi kafin a ga ruwa, akwai kuma irin kwarurrukan nan na cikin garin Gombe da ba ka ganin ko ɗigo sai an yi ruwan sama, su taso su ci bangon mutane, kafin la'asar kamar ba a yi ba. Ƙanin nawa ya ce wani Ba'amurke Strahler ya ba su lamba, ƙoramar da ba wadda ke zuba mata ita ce ta 1, irinta biyu su haɗu su zama ta 2, haka har a kai babban kogi. Abin da ya fi burge ni shi ne Gongola ɗaya ce amma ba halinta ɗaya ba, ta sauko daga tsaunukan Jos da gudu, ta ratsa Bauchi, dam ɗin Dadin Kowa da aka gama a 1984 ya tare ta ta kwanta laka ta zauna a ƙasa, sannan ta wuce ta faɗa Binuwai a Numan.

Maganar sinadarai kam na ɗan yi gyangyaɗi. Na dai riƙe cewa ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, daga 0 zuwa 14 yake, 7 ne tsakiya, kuma ruwa in ya ɗumama iskar oksijin ɗinsa raguwa take. Takin zamani in ya gangaro daga gonakin noman rani sai gansakuka ta yi yawa, in ta ruɓe ta shanye iskar, kifi ya sha wuya.

Da muka isa bakin ruwa wani dattijo masunci ya ga kwalaben sai dariya, ya ce ɗana ai kifi ya riga ka aunawa. Kuma wallahi haka ne. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska a sama, shi ya sa ko kududdufin da ya fara wari za ka same ta ko a jikinta. Gaiwa ma ta fi ta taurin rai, ruwa ya ƙafe ta shige taɓo ta naɗe kanta sai damina. Giwan ruwa kuwa ɗan gata ne, ruwan da ba iska sosai ba ya zama. Hatta cuta tana bin irin ruwan, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ruwa mai kwanciya da ciyayi take so, shi kuma ɗan baƙin ƙudan nan mai jawo makanta a jikin duwatsu yake hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Wato kenan ruwan da ka gani garau yana kumfa a kan dutse shi ma da tasa.

Na ce Baba to wanne za ka zaɓar min, ya ɗago tarwaɗa biyu manya suna ta wutsil-wutsil. Ƙanina sai da ya cika kwalba shida har da jiƙa takalmi, a hanyar dawowa ya tuna bai rubuta wacce daga ina ba.