Tambayar Abba a kwanar ƙarshe

Asabar, bayan isha'i.

Hunturun bana ya tasa jitata a gaba. Da safe na tarar tsirkiya ta uku ta saki, bakunan ƙarafan da suka raba wuyan jitar gaɓa-gaɓa kuma sun leƙo suna kartar tafin hannu, don itacen wuya ya tsuke. Na jiƙa soso, na matse shi sosai, na sa a robar sabulu mai huji, na cusa cikin jakar jitar don ta sami danshi. Muddin ruwan bai taɓa itacen ba, shi ke nan.

Abba, yaron da nake koya wa jita, ya iso bayan la'asar, fuska fari fat da ƙura, wai Keken da ya hau daga Ƙofar Marusa ya mace a hanya. Yau ne na yi masa alkawarin buluz irin na 'yan jaz. Mai kod uku (kod shi ne sautukan da ake kaɗawa tare a bugu ɗaya) ya riga ya zauna masa: zagaye ɗaya gida goma sha biyu, kowane gida bugu huɗu, G7 da C7 da D7. Na yau gidajen ba su ƙaru ba, cika su aka yi. Gida na 1 G7, na 2 C7, na 3 G7, na 4 a raba shi biyu tsakanin Dm7 da G7. Na 5 C7, na 6 C#dim7, na 7 G7, na 8 E7, na 9 Am7, na 10 D7. Sauran biyun su ne kwana, inda kiɗa ke juyowa ya koma farko: G7, E7, Am7, D7, kowanne bugu biyu.

Na hana shi kodin nan masu tsirkiya shida da yake danne wa da yatsa ɗaya. Sauti uku sun isa: tushe, wato sautin da kod ya ci sunansa, da na uku, da na bakwai idan aka ƙirga daga tushen. Idan aka ƙirga mai kauri a matsayin ta shida, G7 shi ne ta shida a gaɓa 3, ta huɗu a gaɓa 3, ta uku a gaɓa 4. C7 kuwa ta biyar a 3, ta huɗu a 2, ta uku a 3, daga nan ka matsar da na ta biyar zuwa 4 ka sami C#dim7, sauran biyun ba su motsa ba. Dm7 ta biyar a 5, ta huɗu a 3, ta uku a 5. Am7 duka a gaɓa 5, a kan ta shida da ta huɗu da ta uku. D7 ta biyar a 5, ta huɗu a 4, ta uku a 5. E7 siffar D7 ce, an hau da ita gaɓa biyu: 7, 6, 7. Hanyar Freddie Green ke nan, mai jitar da ya zauna a ƙungiyar jaz ta Count Basie tun 1937 har rasuwarsa a 1987, yana sauke hannu sau huɗu a kowane gida, ba ruwansa da fitowa ya yi bajinta shi kaɗai.

Matsala ta farko ita ce wadda kowa ke faɗawa: tsirkiya ta biyar tana kuka a buɗe duk lokacin da tushe ke kan ta shida. Manuniya ce za ta ɗan kwanta, cikinta ya shafi ta biyar ya kashe ta. Idan tushe ya koma ta biyar, kan dogon yatsa ya ɗan tokari ta shida. Yatsan zobe kuwa ba ya barin ta uku ko kaɗan, zamewa yake yi, shi ne ɗan jagora, cikinsa kuma shi ke rufe bakin ta biyu. Bayan kowane bugu a sassauta dannawa ba tare da an ɗaga yatsu ba, sautin ya yanke, cak, cak. Abba ya kama wannan cikin minti goma. Hannunsa na hagu ba ya ba ni wahala.

Na dama ne ke gudu. Na sa metronom ɗin waya, mai ƙas-ƙas don auna saurin kiɗa, a ƙas 60 a minti, na ce masa kowane ƙas ya ɗauke shi bugu na biyu da na huɗu, wato kiɗan na tafiya a 120. Har gida na 10 yana tare da shi, da ya shiga kwana sai ya riga shi, saboda kod na canjawa sau biyu a gida kuma hannu na tsoron makara. Muka sauke zuwa 45, muka yi ta zaga gidaje biyun nan su kaɗai. Rangajin kuma, wato takun da 'yan jaz ke kira suwin, ba a hannu yake ba tukuna. Na sa shi ya riƙa faɗi da baki, dogo da gajere, kamar an raba bugu uku an ba na farko kashi biyu, hannu kuwa na sauka huɗu daidai.

Duk wannan lafiya lau. Abin ya zo ne da na ce bari in ƙawata masa kwanar, na nuna masa G7, Bb7, Am7, Ab7. Bb7 siffar G7 ce a gaɓa 6, wato 6, 6, 7. Ab7 kuma 4, 4, 5. Ya kaɗa sau uku, ya tsaya, ya ƙura wa yatsunsa ido.

"Kawu, ai ta huɗu da ta uku ba su canja ba. A E7 suna 6 da 7, a wanga ma 6 da 7. D7 da Ab7 ma haka, 4 da 5. To mi ya sa ake wahal da mu da suna biyu?"

Na ce masa, "Kai dai kaɗa, za ka gane nan gaba."

Ya ce to. Ya kaɗa. Aka kira magariba, ya rataya jakarsa ya tafi.

Amsar nan tawa ce ta tsaya mini a rai tun ɗazu. Yaro ya gano da idonsa abin da wasu ke shekara suna kaɗawa ba su lura ba, ni kuma na sallame shi kamar ya tambayi abin banza. Ga shi gaskiya ya faɗa. Sautuka biyun nan, G# da D, su ne na uku da na bakwai a E7. A Bb7 su ɗin ne dai, matsayi kawai suka musanya: D ya zama na uku, G# ɗin da a nan ake kira Ab ya zama na bakwai. Tazarar da ke tsakaninsu gaɓa shida ce, rabin zagayen goma sha biyu, ta ko'ina ka auna daidai take. Shi ya sa kowane kod irin E7 da D7, ban da irin su Am7, ke da tagwai a gaɓa shida daga tushensa. Har ma idan aka mai da Am7 ya zama A7, wato ta uku ta hau gaɓa 6, yatsun nan biyu gangarowa kawai suke yi kamar mai sauka daga tsani: 6 da 7, 5 da 6, 4 da 5, su dire a 3 da 4.

To ina amfanin suna biyun? Na farko, tafiyar ƙasa. Da E7 da D7 tushe na tsalle, G, E, A, D, kunne na jin taku mai faɗi, irin na tsohon suwin. Da Bb7 da Ab7 sulalewa yake yi, Bb, A, Ab, G, gaɓa ɗaya ɗaya. Dandano biyu ne, kuma a nawa ra'ayin na biyun kamar yaji yake, idan aka zuba shi a kowane zagaye sai ya gundura. Sau ɗaya cikin uku ya isa.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne abin da ke sama. A ce mai waƙa ko mai busa ya riƙe A a bugu biyun ƙarshe. A kan D7 wannan na biyar ne, ya zauna daram. Ka sa masa Ab7 a ƙasa, A da Ab za su goga juna, kowa a wurin zai ɗago kai. Haka B: a kan E7 ɗan gida ne, a kan Bb7 faɗa ne da tushe. Amma idan D ya riƙe, Ab7 na karɓarsa, har ma ya fi daɗi. Sunan kod shi ke gaya maka wa za ka iya saukarwa a samansa.

Na uku kuma, ranar da Nura ya zo da bes, jitar nan mai kaurin murya, zaɓin ya bar hannun mai jita. Idan Nura ya taka D, kai kuma ka danna Ab a ta shida, kun kwaɓa. A irin wannan zaman gara a cire tushen gaba ɗaya, a kaɗa ta huɗu da ta uku su kaɗai, mai bes ya raɗa wa kod ɗin suna. Wato a nan Abba ne ke da gaskiya ɗari bisa ɗari: ga mai jita abu ɗaya ne.

Da zan nuna masa wannan a aikace, minti biyar ne. In riƙe A da baki, ya kaɗa D7, sannan ya kaɗa Ab7, kunnensa ya yi sauran aikin. Lokaci yana nan, magariba da saura. Gajiya ce kawai, da son in ƙarasa abin da na tsara.

Maman Ilham ta ce tun da na shigo nake maimaita abu huɗu, ko jitar ce ta lalace. An ɗauke wuta wajen tara. Yatsan zobena ya tsage a gefe, man kaɗanya ya ƙare.

Na tura wa Abba saƙon murya, na kaɗa masa duka biyun da A a sama, na ce ya gaya mini wanne ya cije shi. Alama ɗaya ce har yanzu, da alama datarsa ta ƙare.